Dawa ko Alkama: Tarihin Hulɗar Malaman Jami'a da Manoman Kadawa

Matafiyin da ya bar Kano ya nufi Zariya a tsakiyar hunturu, da zarar ya kusa Kura zai ga ƙasa ta sauya. Ko'ina a Arewa ciyawa ta bushe, ƙura ta tashi, amma nan kore ne shar hagu da dama: tumatir, albasa, masara, alkama, ga ruwa yana tafiya a magudanai na siminti. Wannan shi ne yankin noman rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, wanda kuma mutane suka fi kira da sunan Kadawa. Abin da matafiyi ba zai gani daga mota ba shi ne, da wuya a sami wani fili a ƙasar Hausa da malaman jami'a suka auna, suka tona, suka yi rubutu a kansa kamar wannan. Fiye da shekara hamsin ke nan suna zuwa da takardun tambayoyi da kwalaben ɗibar ƙasa da ruwa. An sami digiri masu yawa daga gonakin nan. Tambayar da ta dace da tarihin wurin ita ce, me ya dawo wa mai gonar, kuma yaushe aka taɓa zama aka saurare shi a matsayin wanda ya san wani abu?

Kura ba ta jira ruwan madatsar Tiga ba kafin ta yi suna. A ƙarni na 19 gari ne na marina da mabuga, inda ake rina turkuɗi a buge shi har ya riƙa walƙiya, fatake su kai shi Agadas da cikin Sahara. Rawanin da ake kira ɗan Kura abin alfahari ne a wurin Buzaye har yau. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ta rini a ƙasar Kano ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975, kuma Kura na cikin garuruwan da aikin ya dogara a kansu. Noman rani ma ba baƙo ba ne. Masu lambu a fadamun bakin kogi sun daɗe suna jan ruwa da jigo, suna shuka albasa da alkama a fangali. Alkaki da finkaso ba da alkamar Amurka aka fara yin su ba. Mutanen da injiniyoyi suka tarar a nan, mutane ne masu sana'a da lissafi, waɗanda suka san kasuwar nesa tun kafin a yi titin mota.

A ɗaya gefen kuma akwai Samaru ta Zariya. Turawan mulkin mallaka sun kafa tashar gwajin noma a can a 1922, hankalinsu ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, amfanin da ake fitarwa waje. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a 1962, sai aka shigar da tashar cikinta da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR. A 1963 aka kafa sashen da zai riƙa ɗaukar sakamakon bincike yana kai wa malaman gona, wanda yanzu ake kira NAERLS. A shekarun nan ne kuma Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta turo malamai don taimakawa wajen gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi. Sun zo da tunanin da Amurka ta gina jami'o'inta na noma a kai tun bayan wata doka ta 1862, wato jami'a ta yi koyarwa, ta yi bincike, ta kuma kai ilmin har ƙofar manomi. Tsari ne mai kyau, amma hanya ɗaya ya shimfiɗa: ilmi ya taso daga sama ya gangaro ƙasa.

Wanda ya fara buɗe hanyar komawa shi ne wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, da abokan aikinsa a sashen binciken tattalin arzikin karkara na Samaru. Daga tsakiyar shekarun 1960 suka zaunar da masu ɗaukar bayani a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna rubuta aikin da kowane gida yake yi a gona tun daga shara har girbi. A lokacin, koyarwar hukuma ita ce haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya alamar duhun kai ce, manomin kirki shi ne mai shuka abu ɗaya a layi. Lissafin da aka tara ya nuna akasin haka. Gonar haɗi ta fi biyan wahalar mai ita a lokacin noman fari da maimai, lokacin da hannu ke ƙaranci, kuma in damina ta yi gardama ba a tashi a tutar babu. Wannan bincike na cikin tushen abin da duniya ta zo tana kira nazarin tsarin noma gaba ɗayansa. Darasin a bayyane yake: in manomi ya ƙi shawara, a fara tambayar dalilinsa kafin a kira shi mai taurin kai.

Abin takaici, daidai lokacin da ake koyon wannan darasi a Zariya, a Kano ana zana wani aiki da bai tsaya jiransa ba.

Gwamna Audu Bako mutum ne mai son ruwa da noma, kuma yana da gaggawa. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, wadda ta shayar da gonar gwaji ta farko a Kadawa a farkon shekarun 1970. Aka ɗauko kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya tsara aikin. An kammala madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da mutane ke fitowa daga farin 1972 zuwa 1973 wanda ya hallaka dabbobi ya watsa ƙauyuka. Ba wanda zai zargi mai mulkin da ya ga wannan bala'i don ya ce a tare ruwa. Tsarin kuma na burgewa ne, domin ruwa yana gangarowa da kansa daga Tiga, ya bi babbar magudana ta Ruwan Kanya, ya rabu reshen gabas da na yamma har ya isa gona, ba tare da injin ja ba. Kashin farko an tsara shi a kan hekta 22,000. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, ta karɓi ragamar aikin. IAR kuma ta buɗe tashar binciken noman rani a Kadawa, a tsakiyar gonakin.

Burin masu tsarin alkama ce. Kuɗin mai ya shigo, birane sun kama cin burodi, jiragen ruwa suna sauke alkamar Amurka a Legas, sai aka ce Kano za ta noma tata. A filin gwaji na Kadawa an nuna cewa iri irin Siete Cerros, wanda ya fito daga Meziko, yana yi sosai in an shuka shi daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ya sha sanyin hunturu ya cika ido kafin zafin Maris. Masu binciken ba su yi ƙarya ba. Matsalar tana gonar manomi.

A tsakiyar Nuwamba dawa tana tsaye. Ƙaura da farfara ba sa isa girbi sai ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, kuma bayan an yanke sai an kwashe, an ɗaure kara, an share gona, sannan a jira tarakta. Kafin a yi wannan, lokacin alkama ya wuce. Maganin da hukuma ta kawo shi ne manomi ya bar dawa, ya shuka abin da ke nuna da wuri, kamar masara. A takarda wannan ƙaramin gyara ne. A gidan Bahaushe kuwa dawa ita ce tuwon shekara, ita ce rumbu, karanta shi ne danga da makamashi da abincin dabba. A ce wa magidanci ya sauke abin da iyalinsa za su ci, ya dogara da amfanin da sai an sayi iri da taki, sai an biya kuɗin ruwa da na tarakta, sannan a sayar a farashin da ba shi ke yankewa ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da yawa sun ci gaba da shuka dawarsu, suka yi alkama a makare ko suka ba da hayar gonar ga mai hali. Rahotannin hukuma suka riƙa kiran wannan rashin bin ƙa'ida. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma abin da aka rasa tun kafin ruwan ya zo. Don a daidaita ƙasa sai da buldoza ta tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya, itatuwan da mata ke samun kalwa da miya da ɗan kuɗin kashewa daga gare su. An karɓi gonaki, an baje, an mayar wa masu su bayan an rage wani kaso saboda magudanai da hanyoyi. Makiyaya sun tarar da burtali da makiyayar rani sun koma fangali. A can Tiga kuma dubban mutane ne aka tayar daga garuruwansu.

Waɗanda suka rubuta wannan ɓangare na labarin su ma malaman jami'a ne, kuma dole a yaba musu. Tina Wallace, tana aiki ƙarƙashin cibiyar binciken zamantakewa da tattalin arziki ta ABU, ta zauna a garin Chiromawa da ke cikin yankin, ta fitar da rahotonta a 1979. Ta nuna yadda aikin yake ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi: wanda ke da kuɗin taki da ƙwadago yana karɓar haya da jingina, ƙaramin manomi yana zama ɗan ƙwadago a gonarsa ta gado, ma'aikata da 'yan kasuwar birni suna shigowa. Richard Palmer-Jones ya bi diddigin dalilin da ya sa amfanin alkama a gonar manomi bai kai na filin gwaji ba. Cecile Jackson ta shiga cikin gidaje ta dubi abin da ya sami mata, ta gano cewa matan kulle da yawa sun sami ciniki wajen sayar da abinci ga 'yan ƙwadago, alhali matan Maguzawa, da suke fita gona, aiki ne ya ƙaru a kansu. A 1978 wata mujallar nazarin siyasa da tattalin arzikin Afirka ta buga labarin yajin aikin da matan ƙauye masu tsinkar wake suka yi a gonar wani kamfanin Turai a yankin, suna neman ƙarin lada. Sannan a 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Zariya, suka fitar da littafinsu The Wheat Trap, inda suka nuna cewa ƙasar ta ɗaure kanta da burodi, kuma noman alkama a manyan madatsun Arewa hanya ce mai tsadar gaske ta kwance wannan ɗauri.

Ayyuka ne na gaskiya, an yi su da tausayi da jarunta, a lokacin da sukar irin waɗannan ayyuka ba abu ne mai sauƙi ba. A 1980 ne fa aka buɗe wuta a kan manoman yankin madatsar Bakolori da suka tsaya neman diyya. Amma duk da Turanci aka rubuta su. An karanta su a Landan da Stockholm, an koyar da su a ajujuwan Zariya da Kano. Mutumin Chiromawa da ya ba da lokacinsa, ya faɗi sirrin rumbunsa da bashinsa, ba da harshensa aka buga sakamakon ba. Ko mai suka ma, ɗauka ya yi ya tafi. Wannan shi ne gibin da ya fi kowane girma a tarihin hulɗar: masu filin gwaji suna magana da manomi ba su saurare shi ba, masu nazarin zamantakewa sun saurare shi amma da wasu suka je suka yi maganar.

A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka yi rububin nomanta a Kano, aka raba kayan aiki, aka yi bukukuwan girbi. A farkon shekarun 1990 aka janye hanin, farashi ya faɗi, rububin ya mutu. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne abin da manoma suka zaɓa da kansu. Da damina suka rungumi shinkafa, domin ƙasar da ta sha ruwa shekara da shekaru ta fi dacewa da ita, kuma ana ci ana sayarwa. Kura ta zama garin injinan casa, mata suka kama turara shinkafa a matsayin sana'a. Da rani kuma tumatir ya zama sarki, kasuwar Kwanar Gafan ta cika da kwanduna da manyan motoci masu zuwa Kudu. Iri da dabarun masu bincike sun taimaka ƙwarai a wannan sauyi, kuma shinkafar da ake kira Sipi daga cibiyar bincike ta fito. Sai dai manomi ne ya tace, ya ɗauki wanda ya yi masa, ya watsar da saura, ya yaɗa ta hanyar maƙwabci da ɗan'uwa da kasuwa. Tsarin noman da ake gani a yankin yau ba shi ne wanda NEDECO ta zana ba.

Ruwan da aka tare a sama kuma wasu ne suka rasa shi a ƙasa. A farkon shekarun 1990 masana da suka yi aiki a fadamun Haɗejiya da Nguru, cikinsu har da Edward Barbier, sun lissafa cewa ruwan da ke malala a fadama, in aka haɗa kifi da itace da amfanin gonar da yake samarwa, ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka zuba a aikin Kogin Kano. Ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun. Jami'ar da ke son yin adalci ga maƙwabtanta a nan dole ta san cewa maƙwabtan ba bakinsu ɗaya ba.

Shekarar 2016 ta gwada kowa. Kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa, mai iya cinye tan 1,200 a rana, manoma suka sa rai cewa zamanin zubar da tumatir a bakin titi ya ƙare. Sai ga tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna Sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifen a 2006, ta bi Arewacin Afirka ta gangaro. Tana shiga cikin ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai mata da sauƙi, kuma tana saurin sabawa da magani. Gonaki suka ƙone cikin kwanaki, farashi ya yi tashin gwauron zabo a Legas, masana'antar ta tsaya saboda rashin tumatir, jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Ƙwaron ya yi kusan shekara goma yana tafiya a idon duniya kafin ya iso. Da akwai hanyar da manomin da ya fara ganin baƙon tabo a ganye zai sanar da masanin ƙwari a mako guda, shi kuma masanin ya gargaɗi ƙungiyoyin manoma tun kafin a dasa, da asarar ba ta kai haka ba. A wannan shekara mai shagon maganin feshi ya fi kowane farfesa kusa da manomi.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce ba abin da ya sauya. Jami'a ta matso kusa. Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, yanzu tana da tsangayar noma, kuma tafiyar ƙasa da sa'a guda ce tsakaninta da Kura. Jami'ar Wudil ta zo a 2001. Ɗaliban da ke zuwa gonakin yanzu Hausa suke yi, wasunsu ma 'ya'yan manoman yankin ne, ba sa bukatar tafinta. Shirin Sasakawa na ƙaro wa malaman gona ilmi, wanda ABU da Bayero suka karɓa, ya zo da wata dabara mai ma'ana: malamin gona da ya dawo karatu ba ya kammalawa sai ya koma cikin manoman da yake aiki da su, sun zaɓi matsala tare, sun gwada magani tare, malamansa kuma su biyo shi har ƙauyen su duba. A nan tambayar bincike daga gona take tasowa. A 2012 Bayero ta kafa Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin ya fara jagoranta, ta kuma shiga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa. Alkama ma ta dawo da sabon salo, inda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da cibiyar binciken noma ta ICARDA suka gwada iri masu jure zafi a gonakin manoma a Kadawa da Alkamawa ta Bunkure. Irin da ke jure zafi yana rage tsananin matsalar lokacin shuka, wato matsalar da masu dawa suka nuna tun shekarun 1970.

Wani sauyin ya zo ta ɓangaren manoma. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya gyara magudanai a yankin, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda ke da alhakin yashe ƙananan magudanai da tara kuɗin ruwa da tsara rabonsa. Muhimmancin wannan ga jami'a babba ne. A da, mai bincike yakan je wurin dagaci ya nemi izini, a tara masa mutane, ya cike takardunsa ya tafi. Yanzu akwai shugabanni zaɓaɓɓu da za a iya zama da su a yi sharaɗi: ga abin da muke so a bincika, ga ranar da za a dawo a faɗa mana sakamako, da Hausa, a gaban jama'a.

Abubuwan da za a bincika kuwa ba sa ɓuya. Akwai gonakin da ruwa ya kwanta a cikinsu, da waɗanda kanwa ta fara fito musu. Akwai rigimar na kan magudana da na wutsiyarta, wanda ruwa ba ya isa gare shi sai an gama sha. Akwai tsargiya, wadda aka sha auna fitsarin 'yan makaranta a yankin saboda ita, kuma iyayen yaran suna da haƙƙin a gaya musu abin da aka gani da inda za su sami magani. Akwai matasan da ke goya tankin feshi ba safar hannu ba takunkumi. Akwai matan da ke turara shinkafa a cikin hayaƙi, da itacen da kullum yake ƙara tsada. Sannan akwai rahoton Chiromawa na 1979, wanda ya rubuta wa ke da gona da wa ya ba da haya a lokacin. Jikokin mutanen da aka yi wa tambayoyin suna nan a garin, kuma sashen Hausa da na tattalin arzikin noma na Bayero ko ABU za su iya fassara rahoton, su kai shi Chiromawa, su zauna da su a bi gida-gida a ga inda gonakin suka koma.